Ledar kariyar fenti: Kwana nawa mai mota a Gaya da Ajingi zai jira kafin a shafa seramik?

Duk direban da ya saba bin hanyar Kano zuwa Wudil, ya karkata zuwa Gaya, ya san wannan 'yar ƙara da ake ji a gaban mota idan tayar tirela ko tifa ta ɗauki tsakuwa ta cillo baya. Sai ya isa gida ya duba bonet, ya tarar da wani ɗan farin tabo kamar ƙwayar gero inda fenti ya ɓare.

Wanda zai wuce Ajingi, ko ya sauka daga kwalta ya shiga ƙauyuka, yana da ƙarin abokiyar tafiya, wato ƙura. Ita ba ta ƙara, amma duk lokacin da aka sa busasshen tsumma aka goge ta, sai ta bar zane-zane sirara da ke dusashe sheƙin mota a hankali.

A shekarun baya ba kowa ke damuwa da wannan ba. Idan fenti ya tsufa a sake wani, idan mota ta gaji a sayar a ƙara kuɗi a ɗauko wata daga Kwatano. Lissafin ya canza tun daga tsakiyar 2023, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta cire tallafin man fetur ta kuma saki Naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da ake canzawa a kan kimanin Naira 460 a hukumance a watan Mayun 2023 ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Farashin motoci da fenti da kayan gyara duk suka bi ta.

Yanzu motar da mutum ke riƙe da ita jari ce, kuma abu na farko da mai saye ke tambaya shi ne ko fentinta na kamfani ne ko an taɓa sakewa. Wannan ya sa hankalin masu hali ya fara komawa ga abubuwa biyu da ake tallatawa a shafukan sada zumunta: ledar kariyar fenti, wadda masu sana'ar ke kira PPF, da kuma shafen seramik.

Sau da yawa ana sayar da su tare. Abin da ba a cika faɗa wa mai mota ba shi ne akwai kwanakin jira a tsakaninsu, kuma waɗannan kwanaki su ne ke raba aikin da zai shekara da wanda zai fara ɓamɓarewa kafin wata ya zagayo.

Mece ce ledar, mene ne seramik?

Ledar kariya wata roba ce garai-garai da ake yi da sinadarin foliyuretan, bayanta ɗauke da gam. Kaurinta kan kai kusan maikron 200. Maikron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, don haka kaurin ledar ya yi daidai da takardar rubutu biyu a haɗe. Gaba ɗaya fentin da mota ke fitowa da shi daga kamfani bai cika wuce kaurin takarda ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba.

Asalinta ba don mota aka ƙirƙiro ta ba. Kamfanin 3M na Amurka ne ya samar da ita ga sojojin ƙasar a zamanin yaƙin Biyetnam, domin kare farfelar jirage masu saukar ungulu daga yashi da tarkacen da ke cinye su. Daga baya ta shiga motocin tsere, sannan ta iso motocin hawa. A yau XPEL da 3M da SunTek da STEK na cikin sanannun kamfanonin da ke yin ta.

Aikinta shi ne ta sha dukan tsakuwa a madadin fenti. Masu inganci daga cikinsu suna da wata fatar sama da ke shafe ƙananan zane da kanta idan ta ji zafin rana ko ruwan ɗumi.

Seramik kuwa ruwa ne da ke zuwa a 'yar kwalba. Ginshiƙinsa silika ne, sinadarin da ke cikin yashi da gilashi. Idan aka shafa shi ya ƙame, yakan zama wata fata mai tsananin siranta, maikron ɗaya zuwa biyu kacal. Ba ya tare tsakuwa ko kaɗan. Amfaninsa shi ne ya sa jikin mota ya yi santsi, ruwa ya riƙa gangarewa, datti da kashin tsuntsu su kasa kamawa sosai, wanki ya yi sauƙi.

Akwai alamar 9H da ake rubutawa a jikin kwalaben, wadda wasu ke ɗauka tana nufin taurin lu'ulu'u. Ma'aunin taurin bakin fensir ne kawai. Ƙurar hunturu tana ɗauke da ɓurɓushin dutse da ya fi wannan tauri nesa ba kusa ba, don haka ko motar da aka shafa wa seramik za ta yi zane idan aka goge ta a bushe.

Leda ce gaba

A nan babu saɓani tsakanin masu sana'ar. Leda ake fara mannawa, seramik ya biyo baya. Dalilin a bayyane yake: an yi seramik ne don kada komai ya manne masa, ita kuma leda rayuwarta gaba ɗaya a kan gam take. Idan aka manna ta a kan santsin seramik, gefunanta ne za su fara ɗagowa.

Wanda ya riga ya shafa seramik sannan ya yi sha'awar leda, sai an sa injin folish an cinye shafen daga wuraren da za a manna ta. Ya biya kuɗin shafawa, ya kuma biya kuɗin cirewa.

Inda ake samun bambancin ra'ayi shi ne tsawon lokacin da za a bari bayan an manna ledar.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin ledar

Ba a manna wannan leda a bushe. Mai aikin kan fesa ruwa mai ɗan sabulu a jikin motar da bayan ledar, domin ya samu damar ja da daidaita ta. Idan ta zauna inda yake so, sai ya sa wani ɗan faifan roba ya riƙa matse ruwan daga tsakiya zuwa gefe. A kusurwoyi da lanƙwasa yakan fesa ruwa mai haɗe da sipirit don gam ɗin ya kama da sauri.

Komai ƙwarewarsa, ba zai iya fitar da ruwan duka ba. Ragowar danshin yana nan tsakanin fenti da gam, kuma sai a hankali yake fita. Shi ya sa a kwanakin farko ake ganin wani hazo-hazo ko ƙananan ƙuraje na ruwa a ƙarƙashin ledar. Galibinsu suna ɓacewa da kansu. Mai mota da ya sa farce ko allura ya fasa su, ya ɓata aikin da hannunsa.

A wannan tsakanin gam ɗin bai gama kamawa ba. Shafa seramik kuma aiki ne na guga: a goge jikin da sipirit, a shafa ruwan, a bi da tawul sau biyu ko uku. Wannan gugar na iya ɗaga bakin ledar da bai zauna ba. Idan ruwan seramik ya kutsa ƙarƙashin bakin da ya ɗago, wurin ya daina kamawa ke nan, domin an sa wa gam santsi. Daga nan ƙura za ta riƙa taruwa a wurin, ta zama baƙin layi a gefen bonet ko ƙofa.

Haka kuma danshin da ke tsatsowa ta gefuna zai iya taɓa seramik ɗin da bai ƙame ba, ya bar tabo.

Dalili na uku ya fi shafar aljihu. Kuskuren mai manna leda ba ya bayyana a ranar farko. Gefen da zai ɗago, ƙwayar ƙurar da ta maƙale a ciki, wurin da aka ja ledar fiye da kima, duk sai bayan kwanaki ake gane su. Idan ya zama dole a cire ledar wani ɓangare a sake, seramik ɗin da ke kanta ya tafi kwandon shara tare da ita.

Saboda haka ne shawarwarin da ake bayarwa a wannan sana'a suka kasu biyu. Wuraren da ke riƙe mota a rufaffen ɗaki mai tsafta sukan jira awa 24 zuwa 48, su duba gefuna, su bi su da ɗan zafi, sannan su shafa. Wasu kuma sukan sallami mai mota ya tafi, ya dawo bayan mako ɗaya zuwa biyu a duba aikin, a gyara abin da ya ɗago, a wanke, sannan a shafa.

Kowane ɓangare na da hujja. Masu gajeren jira suna gudun dattin da motar za ta kwaso a titi. Masu dogon jira suna son gam ya gama kamawa, kuma aibin aiki ya gama fitowa. Abin da ya haɗa su shi ne leda na buƙatar lokaci ta zauna, kuma umarnin kamfanin da ya yi ta shi ne abin bi.

Matsalar nisa

Tarihin baka na Kano ya nuna cewa maƙera ne daga Gaya, waɗanda ake kira Abagayawa, suka fara zama a gindin Dutsen Dala don neman tama. Yau tafiyar ba ta canza alƙibla ba: mai mota daga Gaya shi ke ɗaukar ƙarfensa ya kai Kano.

Manna leda da shafa seramik aikin manyan birane ne, domin yana buƙatar rufaffen wuri, da wutar lantarki mai ɗorewa, da haske mai kyau, da ruwa mai tsafta. Mazaunin birnin Kano zai iya kai motarsa ya hau Adaidaita Sahu ya koma gida, gobe ya leƙo. Mutumin Gaya tazarar fiye da kilomita 60 ce a gabansa, na Ajingi da ke kan iyakar Jigawa kuma ya fi shi jin jiki idan gidansa na cikin ƙauye.

Wannan nisa shi ne ke jefa mai mota cikin jarrabawar cewa a haɗa masa komai a yini ɗaya. Ya shigo da sassafe, yana so ya koma kafin magariba, ga kuɗin mai, ga kasuwa ko ofis na jiransa. Idan kuma ana gab da Sallah ko bikin aure ne, motoci sun yi layi, mai shago ma yana son ya sallami wannan ya karɓi wancan. Bukatar mutum biyu ta haɗu a kan gaggawa, kuma babu wanda zai ga illar sai bayan makonni.

A zahiri zaɓi biyu ne a gaban irin wannan mai mota.

Na farko, ya bar motar a Kano. A lissafa yini ɗaya zuwa biyu na wanki da folish da manna leda a gaban mota, fiye da haka idan jikin duka za a rufe. A ƙara kwana ɗaya zuwa biyu na jira. A ƙara yinin shafa seramik. Sannan a ƙara aƙalla awa 24 da shafen zai yi ba tare da ruwa ko ƙura sun taɓa shi ba. Mutum na maganar kwana huɗu zuwa shida ke nan ba tare da motarsa ba.

Na biyu, ya karɓi motar washegarin manna leda, ya koma gida a hankali, ya dawo bayan mako ɗaya zuwa biyu. Wannan ya fi tabbatar da cewa gam ya kama, amma yana nufin tafiya Kano sau biyu, kuma dole a yi wa motar wanki na musamman kafin shafawa. Ƙurar hanya, da feshin kwalta daga wuraren da ake aikin titin Kano zuwa Maiduguri, wanda aka ba da kwangilar mayar da shi tagwaye tun 2006, da hayaƙin manyan motoci a cunkoson Wudil ranar Juma'a da kasuwa ke ci, duk suna zama a kan ledar. Duk abin da ba a cire ba, seramik zai rufe shi a ciki.

Ga wanda gidansa ke kan hanyar burji, ko ba shi da rumfar ajiye mota, zaɓin farko ya fi aminci. Ƙura ta fi samun shiga gefen leda a kwanakin farko, lokacin da bakin bai gama zama ba. Wanda ke kan kwalta kuma yana da gareji, zaɓi na biyu ba zai cutar da shi ba.

Hunturu, bazara da damina

Kamfanonin da ke yin waɗannan kaya suna rubuta umarninsu ne da tunanin ɗaki mai matsakaicin yanayi. Gabashin Kano na da nasa yanayin, kuma kowane lokaci na shekara da irin matsalarsa.

A hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska ta bushe ƙarau, danshinta kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Wannan na taimaka wa ruwan da ke ƙarƙashin leda ya fita, duk da cewa sanyin dare na rage saurin kamawar gam. Babbar matsalar ita ce ƙurar da iska ke kwasowa daga hamada, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi. Ƙwaya ɗaya da ta sauka a kan gam kafin a rufe ta zauna ke nan har ranar da za a cire ledar. Shi kuma seramik yana amfani da danshin iska ne wajen ƙamewa, don haka a busasshen yanayi yakan ɗauki lokaci fiye da yadda aka saba. Duk aikin da aka yi a buɗaɗɗiyar rumfa a bakin titi a wannan lokaci, an yi shi ne da ƙura a ciki.

A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, kuma jikin baƙar mota da ke rana yana iya kaiwa digiri 70. Leda na bushewa da sauri, amma seramik ba ya son zafin ƙarfe. Idan aka shafa shi a jiki mai zafi yakan bushe kafin a bi shi da tawul, ya bar wasu baƙaƙen shatika kamar an zuba mai. A kan fenti ana iya cire irin wannan da folish. A kan leda kuwa abin ya fi wuya, domin injin folish na iya cinye fatar samanta. Motar da ta taso daga Gaya da tsakar rana tana buƙatar ta huce sosai a inuwa kafin a taɓa ta.

A damina, musamman Yuli da Agusta, iska na cike da danshi. Ruwan da ke ƙarƙashin leda yana jinkirin fita, don haka nan ne ya fi dacewa a ɗauki dogon jira. Sannan ga hadari. Wanda aka shafa wa seramik da safe ya kama hanya da yamma, ruwa ya same shi a gadar Wudil, zai iya isa gida da tabon ɗigon ruwa da ya ƙame a cikin shafen. Ko a farkon kaka, raɓar asuba kaɗai ta isa ta yi wannan ɓarna ga motar da ta kwana a waje.

Idan sabon fenti ne, lissafi ya canza

Duk kwanakin da aka ambata a sama na motar da fentinta ya daɗe da bushewa ne. Yawancin motocin da ke yawo a Kano da kewaye na hannu ne, kuma da dama an taɓa yi musu feshi, ko dai bamba ko ƙofa ko jikin duka, kafin a kai su wurin dillalai.

Sabon fenti yana ci gaba da fitar da tina da sauran sinadarai makonni bayan ya bushe a ido. Idan aka rufe shi da leda, tururin ba shi da hanyar fita, sai ya kumbura ledar ko ya dusashe fentin. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a jira aƙalla kwana 30, wasu masu fenti ma kan ce 60 zuwa 90, musamman idan ba a gasa shi a oban ba.

Akwai haɗari na biyu. Gam ɗin ledar yana da ƙarfi. Idan fentin da ke ƙasa bai kama ƙarfe da kyau ba, ranar da za a cire ledar zai iya biyo ta. Wani lokaci ma tun wurin mannawa, idan aka ɗaga ta don daidaitawa, fentin kan taso.

Saboda haka mai aikin da ya san sana'arsa yakan sa 'yar na'urar auna kaurin fenti ya zagaya motar kafin ya fara. Wurin da lamba ta yi sama sosai fiye da sauran jiki alama ce ta an sake fenti ko an cike lamɓa. Wanda ya sayi mota makon jiya daga dillali bai san ranar da aka yi mata feshi ba, don haka jiran wata guda ya fi masa arha a kan sake fentin bonet.

Wurin wankin mota

Bayan an gama komai an dawo gida, sauran aikin yana hannun yaron da ke wankin mota. Shafen seramik kan bushe a taɓa cikin sa'o'i, amma cikakkiyar ƙamewarsa na ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu. A kwana bakwai na farko ba a sa masa sabulu. Idan tsuntsu ya yi kashi, ko 'ya'yan darbejiya suka faɗo suka fashe a kai, a jiƙa tawul mai laushi a ɗauke a hankali nan take, kada a bari rana ta gasa shi.

Abubuwa huɗu da aka saba da su a wuraren wanki suna gaba da wannan aiki. Omo da sabulun wanke-wanke suna da kaifi, suna rage santsin shafen tun kafin lokacinsa. Kananzir ko fetur da ake goge kwalta da su suna lalata fatar ledar, har kamfanonin na gargaɗi a kan man goge mota mai ɗauke da kananzir da yawa. Injin feshin ruwa idan aka kusanto da bakinsa gefen leda yana ɗaga ta, don haka a tsaya nesa da kimanin mita guda. Sai kuma ruwan rijiya ko na burtsatse da aka bari ya bushe da kansa a rana, wanda ke barin farin tabon gishirin ƙasa.

Ga ƙurar hunturu, dokar ɗaya ce ko da leda ko babu: a fara kwarara ruwa ya tafi da ita kafin soso ko tsumma ya taɓa jiki.

Kafin a biya kuɗi

Idan leda ta ɗago bayan wata guda, rigima ce ke biyo baya. Mai leda zai ce mai seramik ne ya yi gaggawa, mai seramik ya ce ledar ce ba ta da kyau, dukansu kuma su ce mai wanki ne. Mai motar da ke Ajingi, wanda kowace zuwa Kano ke cin masa yini da tankin mai, shi ne ke gajiya ya haƙura.

Hanyar kauce wa wannan ita ce a yi aikin biyu a wuri ɗaya idan da hali, kuma a rubuta a rasit sunan kamfanin ledar, da sunan seramik ɗin, da ranar da aka manna, da ranar da aka shafa, da ranar da za a dawo dubawa. Manyan kamfanoni kan ba da garanti har na shekara 10 a kan ledarsu idan ta yi ja ko ta tsage, amma sai idan wakilin da suka amince da shi ne ya manna. Akwai ledoji masu arha da ake yi da roba mai ƙarancin inganci, waɗanda rana ke sauya wa launi cikin ɗan lokaci. A kan farar mota abin ya fi fitowa fili. Araha dai ba ta ado.

Yana da kyau mai mota ya tambaya ko seramik ɗin da za a shafa an yi shi ne don leda, domin wanda aka haɗa don fenti zalla yana iya ƙunsar sinadaran da leda ba ta so. Leda marar sheƙi ma tana da nata na daban.

Sannan ya tambaya ko ledar ma tana buƙatar shafen. Wasu sababbin samfura, irin su Ultimate Fusion na XPEL da Reaction na SunTek, suna fitowa daga kamfani da fatar sama mai korar ruwa. Wanda aka manna wa irin waɗannan zai iya barin seramik ga sauran jikin da leda ba ta rufe ba, ko ya bar shi gaba ɗaya, ya huta da dawowa Kano karo na biyu.

Wanda kuɗinsa ba zai kai duka biyun ba, yanayin hanyarsa ne zai zaɓa masa. Idan tsakuwa ce matsalarsa, kamar mai zirga-zirga kullum tsakanin Gaya da Wudil da Kano a bayan manyan motoci, leda a bamba da bonet da bayan madubai ta fi masa amfani a kan seramik a jiki duka. Idan motar ta fi zama a gari, ƙura da rana ne ke damunta, seramik da rumfa da wanki mai kyau sun wadatar.

Shi kuwa wanda ya shirya yin duka biyun, ya duba kalanda kafin ya duba aljihu. Ya guji makon Sallah da tsakiyar Agusta, ya zaɓi lokacin da zai iya rabuwa da motar na kusan mako guda, ya kuma shirya yadda zai riƙa zirga-zirga a motar haya kafin ya miƙa makulli.